Jigilar manyan injinan noma a kudancin Kano

Jigilar manyan injinan noma a kudancin Kano ita ce kai tarakta, injin girbi da injin casa daga gari zuwa gari a ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. Yankin ya shahara da noman shinkafa da masara, ga kuma noman rani da ruwan madatsar Tiga da aka gina a 1974. Da yake yawancin manoma hayar inji suke yi, injinan suna yawan zirga-zirga a farkon damina da lokacin kaka.

Hanya

Babbar hanyar yankin tana rabuwa da titin Kano zuwa Zariya a Kwanar Dangora, ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore zuwa Doguwa. Ana tuƙa tarakta a kan titi idan tafiyar gajera ce, in kuwa da nisa sai a ɗora ta a kan tirela.

Haɗurra

Matsakaiciyar tarakta takan kai nauyin tan 2 zuwa 4. Idan aka ɗaure ta da igiya maimakon sarƙa, takan zame a kwana ko lokacin taka birki. Yakan faru kuma ta kife wajen lodi, musamman idan tudun ƙasa aka bi aka hau da ita. Tarakta ba ta da gudu, don haka wadda ba ta da fitilar baya tarko ce ga motocin da ke tafe da dare. Garma mai faɗi kan shiga hannun masu tahowa, sannan leburorin da ke zama a kan inji suna iya faɗowa.

Alhaki a doka

Doka ta bambanta aibin inji da sakacin mai ɗauka. Dokar kare masu sayen kaya ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ɗora alhakin ɓarnar da kaya mai aibi ya jawo a kan wanda ya samar da shi. Idan kuwa ɗauri ne bai yi kyau ba, ko an yi lodi fiye da kima, ana tuhumar direba da mai motar. Inshorar dole ta ababen hawa mutanen da aka yi wa ɓarna take biya, ba ta biyan injin da aka ɗauko, wanda ke buƙatar inshorar kaya ta daban. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, da hukumar KAROTA ta jihar Kano suna cikin masu sa ido a kan tituna.