Ƙetaren Gada: Inda Baƙin Taro Ke Cika Ciki a Barnawa da Kakuri

Duk wanda ya saba halartar taron ƙara wa juna sani a Kaduna ya san abincin otal tun kafin a buɗe kula: soyayyar shinkafa, dafa-duka, cinyar kaza da lemon kwalba. Ranar farko a ci da marmari. Kafin rana ta uku kuwa, ana rufe zaman yamma mahalarta za su yi cirko-cirko a bakin ƙofa suna tambayar mai gadi: "Baba, ina ake samun tuwo a nan kusa?"

Tsofaffin wuraren taro na garin, irin su Arewa House da Otal ɗin Hamdala da Dandalin Murtala, duk suna arewa da kogin Kaduna. Can ma Otal ɗin Durbar yake, wanda aka gina domin bikin FESTAC na 1977, kafin a rushe shi a 2020. Amma yanzu Barnawa, a ƙetaren gada, ta cika da matsakaitan otal-otal masu ɗakin taro, inda ƙungiyoyin ma'aikata da na agaji da na addini ke kama wuri na kwana biyu ko uku. Sabuwar gadar da aka gina daga Kabala Costain zuwa titin Aliyu Makama a zamanin gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta ƙara kusanto da unguwar ga tsakiyar gari. Baƙon da ya sauka a nan yana cikin yankin da ya fi ko'ina a Kaduna tara girke-girken ƙabilu, kuma hakan yana da dalili.

Jirgin ƙasa ne ya fara. Babbar tashar Kaduna tana kudu da kogi, a nan ne layin Legas zuwa Kano ya haɗu da layin Fatakwal da ya biyo ta Kafanchan a 1927. Masana'antu suka biyo baya a Kakuri: masaƙar KTL a 1957, kamfanin giya na Nigerian Breweries a 1963, masaƙar UNTL da kamfanin ƙera makamai na DICON a 1964, sai kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975. Dubban ma'aikata suka kwararo daga ƙasar Tibi da Idoma da Igala, daga ƙasar Yarbawa da Ibo, daga Filato da garuruwan Bajju da Atyap da Jaba, suka tarar da Gwarawa da Hausawa. Adams Oshiomhole, wanda ya zama shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa kuma gwamnan Edo, a masaƙar Arewa Textiles ya fara aiki. Kowane rukuni ya zo da tukunyarsa, mata suka kafa rumfuna a bakin ƙofofin kamfanoni suna jiran fitowar masu aikin safe da na dare.

KTL ta tsaya a 2002, sauran masaƙun suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Rumfunan abincin dai ba su mutu ba, sun sauya masu ciniki ne kawai.

Da safe, wanda ya gaji da burodi da ƙwai na otal ba ya buƙatar mota. A bakin titunan Barnawa akwai masu koko da ƙosai, da masu waina da ke juya tanda tun asuba, a ci da miyar taushe ko a barbaɗa ƙuli. Teburin mai shayi yana nan ga wanda zai ce, "Haɗa mini kauri, a soya ƙwai biyu." Wainar kan ƙare kafin hantsi, don haka mai so sai ya riga buɗe taro fita.

Da rana ne bambancin ƙetaren gada ke fitowa fili. A layi ɗaya ana iya samun mai sakwara da miyar agushi, kusa da ita mai amala da miyar ayoyo, gaba kaɗan kuma Hajiya mai tuwon shinkafa da miyar kuka, inda ake cewa, "Hajiya, a sa mini malmala biyu, a ƙara man shanu." Doyar sakwarar ba daga nesa take zuwa ba, domin Gwarawan Chikun da maƙwabtansu na Neja manoman doya ne. Abin da baƙo daga Kano ko Sakkwato bai cika samu a gida ba shi ne faten acca irin na mutanen kudancin jihar da Filato, wanda ake dafawa da yakuwa ko alayyafo da gauta. Acca ba ta da nauyi a ciki, abin da ya dace da mutumin da zai koma ya zauna sauraron ƙasida har la'asar.

Da dare kuwa sai hayaƙi ya tashi. Masu tsire da balangu suna kunna wuta tun kafin magariba, kuma al'adar ɗanɗano tana nan: mai nama zai yanko ɗan guntu ya miƙa kafin a yi ciniki. Gefe guda ga wuraren gasa kifi na Barnawa da Narayi da Sabon Tasha, inda tarwaɗa ke iyo a cikin baho, mai saye ya nuna wadda yake so, a kama a gasa ko a yi farfesu da ita. Aikin yana cin lokaci, shi ya sa masu wayo ke aikawa a ɗora musu tun ana jawabin rufewa.

Akwai abin da ya kamata baƙo ya sani. Rikicin Shari'a na Fabrairun 2000 da na gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002 sun sauya zaman garin: Musulmi da yawa suka koma arewa da kogi, Kiristoci da yawa suka dawo kudu. Saboda haka mashaya sun fi yawa a wannan ɓangare, kuma wuraren kifi da dama suna haɗawa da sayar da giya. Wasu gidajen abinci suna dafa naman alade. Duk da haka Barnawa ta ci gaba da zama unguwar cuɗanya, ga masallatai ga majami'u, kuma har yau cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu akwai Kakuri Hausa da Kakuri Gwari. Tambayar "Wa ya yanka?" ba baƙuwa ba ce ga masu sayar da abinci a nan, suna amsa ta ba tare da ɓacin rai ba. Wanda ba ya son zama inda ake shan giya yakan sa a naɗe masa kifinsa ya koma masauki.

Abin sha marar maye ma ba ya yankewa: zoɓo, kunun aya, kunun zaƙi, fura da nono. Cittar da ke ba su ƙamshi daga gonakin Kachia da Jaba da Kagarko take fitowa, yankin da ya sa Kaduna ta zama kan gaba a noman citta a Nijeriya. Cutar da ta faɗa wa gonakin a 2023 ta lalata amfani mai yawa, farashi ya yi tashin gwauron zabi, masu zoɓo da masu shayi suka ji a jikinsu.

Ranar watsewar taro, masu neman tsaraba kan biya ta Kasuwar Tasha da ke kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, wadda ta yi suna wajen kayan marmari: lemo, abarba, ayaba, kankana. Idan ranar ta faɗo Litinin, kasuwar Kakuri tana ci, a can ake samun doya da manja da busasshen kifi. Masu tafiya kudu suna hawa mota a garejin Television. Mai komawa Abuja ta jirgin ƙasa kuwa sai ya gama sayayya da wuri, domin tashar Rigasa da aka buɗe a 2016 tana can yammacin gari, kuma sai an sake ƙetare kogin kafin a kai.