Idan An Toshe Lambarka A WhatsApp, Ina Za Ka Kai Kuka?

Daga Karakara cikin gundumar Junju har zuwa Gaya, rabin ciniki ya koma cikin salula. Mai rake a fadamun Dallol Mawri, da mai gishirin Foga, da dillalin da ke jiran kaya daga Kamba ko daga Malanbil, duka da saƙon murya na WhatsApp suke yanke farashi, su aika hoton buhu, su tambayi yadda naira ta kwana a gaban sefa. Rufe gadar Gaya da aka yi a shekarar 2023 ya ƙara wa wannan hanya daraja, domin abokin cinikin da aka saba gani ido da ido sai dai a ji muryarsa. Ma'aikata ma ba a bar su baya ba: kusan kowane ofis da nasa zauren, inda ake sanar da taro da labarin albashi.

To, amma wannan kasuwa tana da mai ita, kuma ba a Doso yake ba, ba a Yamai ba. Kamfanin Facebook na Amurka, wanda ya koma Meta a 2021, shi ne ya sayi WhatsApp a 2014. Shi ke kafa doka, shi ke kama mai laifi, shi ke yanke hukunci. Mutum zai wayi gari ya buɗe waya, sai ya tarar da rubutu da Faransanci ko Ingilishi cewa wannan lamba ba ta da izinin amfani da WhatsApp. Sau da yawa babu gargaɗi kafin haka. Ga ɗan kasuwar da dukkan masu bin sa bashi da waɗanda yake bi suka san shi da wannan lamba, abin daidai yake da a rufe masa rumfa ranar kasuwa.

Dalilan toshewa sanannu ne, kuma da yawansu abubuwa ne da ƴan kasuwarmu ke yi ba tare da sun ɗauke su laifi ba. Akwai amfani da WhatsApp na jabu, irin su GB WhatsApp da WhatsApp Plus, waɗanda wasu masu gyaran waya ke ɗora wa mutane domin ƙyale-ƙyalensu. Akwai tura talla guda ga ɗaruruwan lambobin da ba su san ka ba, da zuba mutane cikin zaure ba da yardarsu ba. Kamfanin ya ce ba ya iya karanta saƙonnin mutane saboda a kulle suke, don haka da alamu yake aiki: yawan saƙo cikin ɗan lokaci, da yawan waɗanda suka toshe ka ko suka kai ƙararka. Duk wanda ya kai ƙara, saƙonninka guda 5 na ƙarshe da ka aika masa suna isa ga kamfanin. A nan ne matsalar take, domin na'ura ba ta bambanta ɗan damfara da mai neman halalinsa da ya cika zafin talla. A watanni shida na farkon 2025 kaɗai, WhatsApp ya ce ya rufe lambobi miliyan 6.8 masu alaƙa da gungun ƴan damfara. Tarun da ke kama kifi mai yawa haka, da wuya a rasa kwaɗo a cikinsa.

Hanyar ɗaukaka ƙara guda ce. Idan toshewar ta ɗan lokaci ce, a goge na jabun, a saka na ainihi, a jira wa'adin ya cika. Idan kuwa ta dindindin ce, a kan allon nan akwai wurin da ake latsawa a nemi a sake duba hukuncin, sai mutum ya rubuta bayaninsa a taƙaice, ya jira amsa ta cikin wayar. Ba a biyan ko dala. Duk wanda ya ce a ba shi jika biyar ko goma ya buɗe lamba, ko dai wurin nan zai latsa, ko kuma ɓarawo ne mai neman lambobin sirri 6 da ake turowa ta saƙo, waɗanda idan suka shiga hannunsa zai koma yana roƙon kuɗi da sunanka.

Abin da ya fi damuwa shi ne abin da ke biyo bayan an ce a'a. A kasuwanninmu, wanda aka hana wa wurin zama yana da sarkin kasuwa, yana da mai gari, yana da sarki, kuma ko'ina ya je za a gaya masa laifinsa a gaban shaidu. A nan kuwa wanda ya yanke hukunci shi ne mai jin ƙara. Majalisar sa-ido da kamfanin ya kafa a 2020 tana duba abin da aka goge a Facebook da Instagram, amma ba ta karɓar kukan wanda aka toshe a WhatsApp.

Maƙwabtanmu na Kabi sun ga wani nau'in toshewar. A Yunin 2021, bayan da Twitter ya goge wani saƙon shugaba Muhammadu Buhari, gwamnatin Nijeriya ta rufe shi baki ɗaya, ba a buɗe ba sai ranar 13 ga Janairun 2022, bayan kwana 222. Ƙungiyar SERAP da wasu suka kai ƙara kotun CEDEAO, wadda a Yulin 2022 ta yanke cewa rufewar ta saɓa wa doka. Wato gwamnati sukutum an same ta da laifi a gaban alƙali, alhali talakan da kamfani ya rufe bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. (Mu nan ko wannan kotu ba a kanta muke ba yanzu, tunda Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025.)

Ba wai kamfanin ya fi ƙarfin hukuma ba ne. Indiya ta tilasta masa tun 2021 ya naɗa jami'in karɓar koke a cikin ƙasar, ya riƙa buga adadin lambobin da ya toshe kowane wata, sannan a 2023 ta kafa kwamitocin da wanda bai gamsu ba zai ɗaukaka ƙara gabansu. Nijeriya ta ci Meta tarar dalar Amurka miliyan 220 a 2024 a kan bayanan jama'a. Muna da ARCEP mai kula da sadarwa, muna da HAPDP mai kare bayanan mutane, kuma a ganinmu ƙungiyoyin ƴan kasuwa suna da hujjar da za su nemi waɗannan hukumomi su samar da wurin ajiye irin wannan koke. Kafin a kai can, fatake da yawa na bakin iyaka suna riƙe sim biyu, na +227 da na +234, suna kuma rubuta lambobin abokan ciniki da bashi a littafi kamar yadda iyayensu suka yi.