Gashin Jiminar Damagaram

A zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, unguwar Zango ta Zinder ce masaukin fatake. Birni na cikin ganuwa, Zango na waje, nan Abzinawa da Larabawan Gadamas ke sauke raƙumansu. Ayari kan taso daga Kano, ya yada zango a Damagaram, ya bi ta Agadas da Gat har Tarabulus, tafiyar watanni. Ana kai kirgi da hauren giwa da bayi, a dawo da akoko, takarda, sukari da bindigogi. Sai kuma wani kaya marar nauyi mai tsada: gashin jimina.

Mafarautan jimina na ƙasar Damargu ba su damu da inda gashin zai ƙare ba. Daga Tarabulus jirgin ruwa ke kai shi Landan da Faris, a soka shi a hulunan matan masu kuɗi. Attajirai irin su Malam Yaro sun yi suna a wannan hanya.

Turawan Afirka ta Kudu kuwa kiwon jimina suke yi gadan-gadan, musamman a Oudtshoorn, amma abu ɗaya ya tsaya musu a rai: wani gashi mai cika da sheƙi da ke fitowa ta Tarabulus ya fi nasu. A 1911 gwamnatinsu ta tura tawaga ƙarƙashin Russell Thornton ta nemo tsuntsuwar. Suka shigo ta Nijeriya, suka bi sawun gashin har Kano, aka nuna musu arewa, wajen Damagaram. Faransawa, da suka kame Zinder tun 1899, ba su yarda a fitar da jimina mai rai ba. Wa zai ba kishiya iri? Duk da haka tawagar ta tara tsuntsaye, ta kai su Legas, kimanin 140 suka sauka Cape Town a 1912.

Wahalar ta tashi a banza. A 1914 kasuwar gashi ta rushe: yaƙi ya ɓarke, yayi ya sauya, ga motoci marasa rufi da iska ke fizge manyan huluna a cikinsu.

Zango ma ba ta tsira ba. A 1911 ɗin nan Italiya ta afka wa Tarabulus, layin dogo ya iso Kano. Kayan da raƙumi ke kwashe watanni yana ɗauka, jirgin ƙasa ya riƙa kawo su daga Legas cikin kwanaki, fataken Damagaram suka juya akalarsu kudu.