Kashi Uku na Kuɗin Mai: Wa Ke da Ta Cewa a Neja Delta?

A shekarar 1956 aka haƙo man fetur a Oloibiri, cikin jihar Bayelsa ta yanzu. Tun daga nan gwamnatoci ke ta kafa hukumomin raya yankin Neja Delta, wata na bin wata: OMPADEC a 1992, sannan NDDC a 2000 zamanin Obasanjo, ga kuma kashi 13 cikin ɗari da kundin tsarin mulkin 1999 ya ware wa jihohin da ake haƙo mai. Kuɗi kam sun shiga. Sai dai binciken ƙwaƙƙwafi da aka miƙa wa gwamnatin tarayya a 2021 ya gano ayyukan NDDC sama da 13,000 da aka yi watsi da su ko aka yi musu aikin ha'inci, bayan hukumar ta karɓi kusan naira tiriliyan 6 tsakanin 2001 da 2019.

Ba sata kaɗai ta jawo haka ba. A Abuja ko Fatakwal ake zama a tsara aiki, masunci a ƙauye sai dai ya wayi gari ya ga allon ɗan kwangila a bakin rafi. A gina asibiti ba ma'aikaci, a kafa tankin ruwa ba injin da zai cika shi, alhali ba wanda ya tambayi mutanen gari abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya. Wannan kukan na cikin abin da mutanen Ogoni na yankin suka rubuta a takardar buƙatunsu ta 1990, kafin a rataye jagoransu Ken Saro-Wiwa da wasu mutum takwas a 1995.

Akassa, al'ummar masunta a gaɓar teku a Bayelsa, ta nuna akwai wata hanya. A 1997 kamfanin Statoil na ƙasar Norwe ya haɗa kai da ƙungiyar Pro-Natura, suka bar mutanen gari su jera buƙatunsu da kansu, su zaɓi wanda za a fara da shi, su kuma bi sawun kowace naira. Mata da masunta suka kafa ƙungiyoyin ajiya da rance masu kama da adashe. Daga baya Chevron a 2005 da Shell a 2006 suka ɓullo da yarjejeniyar da ke ba gungun garuruwa damar zaɓar ayyukansu.

Dokar masana'antar man fetur da Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2021 ta mayar da abin wajibi. Kowane kamfani zai zuba kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanar da aikinsa na shekarar da ta gabata a asusun amana na garuruwan da yake aiki a cikinsu. Al'ummomin kashi 10 suka nema. Daga abin da ya shiga asusun, kashi 75 na ayyuka ne, 20 ajiya, 5 kuma hidimar ofis.

Inda gizo ke saƙa shi ne riƙon akala. Kamfani ne ke kafa asusun, shi ke naɗa amintattu bayan ya tuntuɓi jama'a, kuma tuntuɓa ba zaɓe ba ce. Ga kuma sashe na 257 na dokar: idan aka fasa bututu, daga kason garin za a cire kuɗin gyara, ko da ɓarayin daga wani wuri suka zo. Wannan ɗora wa talaka gadin da ya gagari jami'an tsaro ne, kuma bai dace ba.

Maganar ta iso Arewa tun da aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a Nuwamban 2022. Ya kamata sarakuna, mata da matasan yankin su karanta dokar nan tun yanzu, su nemi a bar su su zaɓi wakilansu, su kuma dage a riƙa karanta lissafin asusun a bainar jama'a kowace shekara.