SHARAR GIDA DA GANYEN ITACE: A TARA SU A YI TAKI, KADA A ƘONE

Malam manomi, daga watan Nuwamba har zuwa Maris, lokacin hunturu da farkon bazara, itatuwan gida irin su dogon yaro da mangwaro suna zubar da ganye ƙwarai. Kowace safiya mata da yara sukan share tsakar gida da ƙofar gida, su tara sharar a gefe, a cinna mata wuta, ko kuwa a kai juji. Haka ake yi a Illela, haka a Kalmalo da Araba da Gidan Hamma. To, wannan takarda tana so ta nuna maka cewa abin da ake ƙonewa ɗin nan abincin gonarka ne, kuma ta koya maka yadda za ka tara shi ka mai da shi taki ba tare da ka kashe ko kwabo ba.

DON ME ZA KA DAMU DA SHARA?

Yawancin gonakin geronmu a ƙasar Illela jigawa ne, watau rairayi. Rairayi ba ya riƙe ruwa, ba ya kuma riƙe abincin shuka. Damina kuwa gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, wani lokaci ma da rata a tsakani. Ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi su ne ke sa ƙasa ta yi jiki, ta riƙe laima, har gero ya jure kwanakin da ruwa ya ɗauke.

A zamanin shirin ciyar da ƙasa na 1976 gwamnati ce ke biyan kaso mafi yawa na kuɗin takin zamani, manomi ya biya ragowar. Wannan zamani ya wuce. Yanzu buhun kamfa ko na yuriya ya fi ƙarfin aljihun ƙaramin manomi da yawa. Bugu da ƙari, ko ka sami takin zamanin, in ka zuba shi a rairayin da ba shi da ruɓaɓɓen abu, ruwa kan wuce da wani sashe nasa can ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa.

ABIN DA WUTA KE CINYEWA

In ka ƙone ganye, sinadarin naitirojin da ke cikinsa, wanda shi ne ke sa shuka ta yi kore shar, yakan bi hayaƙi ya tafi. Jikin ganyen da zai ruɓe ya gyara ƙasa shi ma ya tafi. Abin da ya rage ɗan toka ne, wanda iskar hunturu za ta kwashe kafin la'asar. Toka tana da amfani, amma kaɗan ne in an gwada da na ganyen da ya ruɓe.

Ban da wannan hasara, akwai haɗari. Da hunturu kome a bushe yake. Tartsatsi ɗaya ya isa ya kama dangar kara, daga nan ya haura rumbu, abincin shekara ya tafi cikin sa'a guda. Hayaƙin kuma, musamman in da leda a ciki, yana sa yara da tsofaffi tari.

KAYAN AIKI

A Amurka da Ingila akwai wata na'urar shara da ake turawa da hannu kamar baro. Tana da buroshi mai juyawa a ƙasa, yana ɗebe ganye yana jefawa cikin jaka a baya. An yi ta ne domin shimfiɗaɗɗiyar ciyawa ta ƙofar gida wadda ake yi wa aski. A filinmu mai rairayi ƙafafunta za su nutse, kuma ƙura da yashi za ta riƙa kwasowa. Saboda haka kada ka damu da ita. Kayan da kake bukata suna nan a kasuwar Illela ta ranar Lahadi, ko wurin maƙerin garinku:

1. Manjagara, domin jawo ganye da kara.
2. Tsintsiya mai ƙarfi.
3. Shebur da diga ko fartanya, domin haƙa rami da juya taki.
4. Kwando, tsohon buhu ko baro, domin ɗauka.
5. Bokiti ko garwa, domin yayyafa ruwa.

YADDA ZA A YI SHARAR

Aikin shara a hannun iyali yake, don haka ka zauna da maiɗakinka da yara ka yi musu bayani sosai. In ba su gane dalilin ba, ashana za ta riga ka.

1. A yi shara da sassafe, kafin iska ta taso. Mai shara ya juya wa iska baya.
2. A yayyafa ruwa kaɗan kafin a fara, domin rage ƙura.
3. Inda ganye ya yi yawa, a fara jawo shi da manjagara, sa'an nan a bi da tsintsiya. Manjagara tana ɗaukar ganye ta bar yashi. Yashi nauyi kawai yake ƙara wa jaki, ba ya zama taki.
4. A tsince shara tun a wurin, kafin a kwashe. A ajiye kwando biyu: ɗaya na abin da ke ruɓewa, ɗaya na abin da ba ya ruɓewa.
5. A kai wurin rami a ranar. Tarin ganye a jikin ɗaki ko rumbu maɓoya ce ta kunama da maciji da ɓera, kuma yana jawo gara.

ABIN DA ZA A SA A RAMI

Busasshen ganye, ƙaiƙayin gero da na dawa, ɓawon gyaɗa da na wake, ɓawon albasa, guntayen kara da dabbobi suka tattake, ragowar ciyawa daga turke, kashin awaki da na tumaki da shanu da jakuna, kashin kaji da na tattabaru, da tokar murhu wadda ta huce.

Abin da dabba za ta iya ci, kamar harawa da 'ya'yan gawo, ka ba dabba tukuna. Zai dawo maka ta hanyar kashinta, ka ci riba biyu ke nan.

Ganyen mangwaro da na turare suna da tauri, ba sa ruɓewa da wuri. A gauraya su da wani ganyen, kada su yi rinjaye.

ABIN DA BA ZA A SA BA

1. Leda da roba. Ba sa ruɓewa, suna tare saiwa, kuma dabbar da ta haɗiyi leda takan rame, har ta mutu.
2. Tsohon batir, fasasshiyar kwalba, gwangwani da ƙusa.
3. Ƙuduji wanda ya yi fure ko 'ya'ya. Tushe ɗaya yana zubar da iri dubbai, kuma irin kan yi shekaru cikin ƙasa bai mutu ba. Wannan kam a ƙone shi, nesa da gida.
4. Shukar da ciwo ya kama, misali zangarniyar gero da ta yi baƙi.
5. Kashin yara, na kare da na kyanwa, da mushe. Kashin yara masai za a kai.

YADDA ZA KA HAƘA RAMI

A ƙasa mai zafi da iska irin tamu rami ya fi tsibi, domin tsibin da ke fili yakan bushe kafin ya ruɓe. Zaɓi wuri mai inuwa a bayan gida ko a bakin gona, inda ruwan sama ba ya kwanciya. Ya yi nesa da rijiya kamar mita 30, watau wajen taku arba'in.

Tsawon ramin ya zama mita 2, fāɗi mita 1, zurfi mita 1. Mita ɗaya ta ɗara kamu biyu kaɗan. Kada zurfin ya wuce haka, don iska ta iya shiga, kai ma ka ji daɗin juyawa. In da hali, haƙa biyu kusa da juna. Inda rairayi ke rubzawa, ka kafa tubali ko duwatsu a gefe. Ka kewaye ramin da ƙaya saboda yara da dabbobi.

YADDA ZA KA CIKA SHI

Cika shi hawa hawa, kamar haka:

1. A ƙasa, shimfiɗa sararren karan gero, kaurin rabin kamu. Shi zai ba iska hanya.
2. Zuba ganye da shara, kaurin rabin kamu. Yayyafa ruwa har su jiƙe.
3. Zuba kashin dabbobi, kaurin yatsa huɗu. Shi ne ke tayar da ruɓewa. Ganye shi kaɗai zai daɗe yana nan yadda yake.
4. Barbaɗa ƙasa kaɗan, sa'an nan toka kaɗan a kanta. Kada ka labta toka a kan ɗanyen kashi, tana kore ƙarfinsa.
5. Sake hawan ganye, da ruwa, da kashi, da ƙasa, har ramin ya cika ya ɗan yi tozo.
6. Soka dogon sanda a tsakiya har ƙasa. Rufe saman da ƙasa da tsohuwar zana ko tabarma.

Kada ka tattake da ƙafa ƙwarai. Ƙananan halittun da ke ruɓar da ganye, waɗanda ido ba ya gani, suna bukatar iska da laima kamar kowane mai rai.

In kashin dabbobinka bai isa ba, ka tuna da karar Illela. Bayan cin kasuwar Lahadi akan bar kashin shanu da na raƙuma da yawa. Nemi izinin masu kula da wurin ka ɗebo a mangala ko amalanke.

Batun ruwa kuwa, ba sai ka sayo ba. Ruwan wankin hatsi da na ɗauraye kwanuka ya isa, in dai ba shi da sabulu da yawa.

YADDA ZA KA GANE AIKI NA TAFIYA

Bayan kwana huɗu ko biyar, zare sandan ka taɓa. In ka ji shi da zafi da laima, madalla, taki ya fara nuna. Wannan zafi shi ke kashe yawancin irin ciyawa. In sandan ya fito a bushe da sanyi, ƙara ruwa. In ya fito jagab yana wari, ruwa ya yi yawa, sai ka buɗe ka ƙara busasshen ganye.

Wata dabara kuma, ɗebo takin a hannu ka matse. In ya dunƙule ba tare da ruwa ya tsiyaya ba, daidai ke nan.

Bayan mako uku, juya takin. Kwashe shi zuwa rami na biyu, na sama ya koma ƙasa, na gefe ya koma tsakiya, kana yayyafa ruwa. Ramin farko ya zama na sabuwar shara. Sake juyawa bayan wani mako ukun. Cikin wata uku ko huɗu takin zai nuna: ya yi baƙi, ya yi laushi, ya daina zafi, yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka. Kada ka yi mamaki in ka ga ya ragu ya koma kamar rabi. Haka yake yi.

In ka cika rami a Disamba ko Janairu, za ka sami taki a Afrilu ko Mayu, gab da shuka. Ka sa takalmi lokacin aikin, ka kuma wanke hannu da sabulu in ka gama.

YADDA ZA KA YI AMFANI DA SHI

Kada ka kai taki gona tun da wuri ka bar shi tsibi tsibi cikin rana da iska har wata biyu. Ƙarfinsa zai ragu. Bar shi a rufe cikin rami sai damina ta matso.

Rami ɗaya ba zai game gona duka ba in ka watsa. Saboda haka zuba shi inda shuka za ta same shi: cikin tafin hannu ɗaya ko biyu a kowane ramin gero, a gauraya da ƙasa. Fara da wurin da gonar ta fi mutuwa, baɗi ka matsa gaba.

'Yan'uwanmu na ƙetaren iyaka sun gwada wannan. A jihar Tawa ta Nijar, wajen Badagishiri, tun daga 1989 manoma suka rungumi dabarar da suke kira tassa, wadda suka gano a Yatenga ta ƙasar Burkina Faso. Da rani sukan haƙa ƙananan ramuka a faƙo, su tara ƙasar a gefen gangare don ta tare ruwa, su zuba taki a ciki, ruwa na sauka su shuka gero. Da haka suka raya filayen da aka riga aka fid da rai da su. In kana da faƙo a gonarka, gwada a ɗan yanki.

In ka sami takin zamani kaɗan, haɗa su. Masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun nuna cewa giram 6 na kamfa 15-15-15 a kowane ramin gero, watau kimanin cikin murfin kwalbar lemo, yana ƙara amfani sosai. In ramin yana da takin gargajiya, sai su taimaki juna. A gauraya da ƙasa, kada ya taɓa irin.

Masu lambun albasa da tattasai a fadamar Kalmalo su zuba takin da ya nuna sarai kaɗai, a gauraya da ƙasar fangali kafin dashe. Wanda bai nuna ba yana ƙona yabanya.

GARGAƊI: A SHARE GIDA, BA GONA BA

Kada wannan bayani ya sa ka bi gonarka da manjagara ka kwashe kome. Kara da ganyen da ke kwance a gona suna tare ƙasa kada iska ta tafi da ita, suna kuma kāre ƙaramin gero daga yashin da guguwar farkon damina ke watsawa. Ganyen gawo, wanda ke zuba da shigowar damina, a bar shi a gindinsa. Kowa ya san geron gindin gawo ya fi kyau, to, dalilin ke nan.

A TAƘAICE

1. Kada a ƙone shara, sai ƙuduji da shuka mai ciwo.
2. A raba leda da batir da kwalba tun wurin shara.
3. A cika rami hawa hawa: ganye, ruwa, kashin dabbobi, ƙasa.
4. A duba sanda, a juya bayan kowane mako uku.
5. A kai gona gab da shuka, a zuba a ramin shuka.

Tun ran gini, ran zane. Haƙa raminka da zarar an gama girbi. In kana bukatar ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona na yankinku, ko ka zo sashen aikin gona na ƙaramar hukumar Illela.