Yadda Ake Yin Dandamalin Iyo a Bayan Jirgin Ruwa

Duk wanda ya taɓa faɗawa ruwa daga cikin jirgi don yin iyo ya san abu guda: fita ba wuya, komawa ita ce aiki. Gefen jirgi yana da tsawo, ga santsi, ga gajiya, kuma babu ƙasar da mutum zai taka ya yunƙura. Saboda haka ne masu ƙananan jiragen shaƙatawa a Amurka da Turai sukan ɗaura dandamalin katako a bayan jirgi, sama kaɗan da fuskar ruwa. A kansa mai iyo yakan zauna ya huta, daga kansa kuma yakan hau jirgi. In wani ya faɗa ruwa ba shiri, ta nan ya fi sauƙi a jawo shi. Idan ka gan shi sai ka ce benci ne kawai. Amma bencin da ran mutum yake dogara da shi ba a yi masa aikin ganin ido. Bari mu bi aikin daki-daki.

Zaɓen katako

Katakon da zai zauna yau a jiƙe, gobe a rana, ba kowane iri ba ne. Wanda maƙeran jirage suka fi so shi ne katakon tik, wanda asalinsa daga Indiya da Myanmar da Tailan da Lawos yake. Yana da mai a jikinsa da ke hana ruwa shiga, ba ya ruɓewa da wuri, kuma ba ya cika murɗewa. Yana da tsada, kuma yana dakushe bakin zarto da sauri. An dasa shi a Nijeriya ma, a gandun daji irin na Gambari kusa da Ibadan. Inda ba a samu tik ba, akan yi amfani da iroko na dazuzzukan Afirka ta Yamma, wanda shi ma yana jure ruwa. Kowanne aka zaɓa, ya zama busasshe, marar tsaga, marar kulli.

Awo da zane

Bangon bayan jirgi ba miƙaƙƙe ba ne kamar bangon ɗaki. Yakan ɗan lanƙwasa, kuma yakan karkata. Don haka kafinta mai hankali ba ya taɓa zarto sai ya fara yanka kwali, ya yi ta rage shi har ya kwanta daidai a jikin bangon. Wannan kwali shi ne samfurin da za a zana a kan katako.

Kafin a fitar da jirgin daga ruwa, sai a ɗora masa mutane da kaya kamar yadda aka saba, a sa alama inda ruwa ya tsaya. Dandamali yakan zauna kamar taƙi ɗaya sama da wannan alama. In ya yi ƙasa, zai riƙa jan ruwa sa'ad da jirgi yake gudu. In ya yi sama, gajiyayye ba zai iya hawa ba. Faɗinsa daga jikin jirgi zuwa baki yakan kai santimita 50 zuwa 60. A kuma bar wa inji isasshen fili, domin ya juya dama da hagu, a iya ɗaga shi ba tare da ya taɓa katako ba.

Harhaɗawa

Ba a yin dandamali da falanki guda mai faɗi. Igiyar ruwa za ta riƙa dukansa daga ƙasa har ta girgiza ƙusoshinsa, ruwa kuma zai kwanta a samansa. A maimakon haka, akan tsaga katakon sirara-sirara, a jera su, a sa 'yan guntaye a tsakaninsu domin a bar rata ta kamar santimita 1. Ruwa zai wuce ta ratar, amma yatsan ƙafar yaro ba zai maƙale ba.

Ana haɗa su da gam mai ƙarfi da ake kira ifoksi, wanda ruwa ba ya narkar da shi. Gam ɗin kafintan gida ba zai yi ba. Tun da tik yana da mai, dole a goge wurin haɗin da asiton kafin a shafa gam, in ba haka ba ba zai kama ba. Sai a matse su sosai har gam ya bushe, a yanke gefen bisa samfurin kwali, a goge kusurwoyi su zama ba kaifi. Ba a shafa wa saman fenti mai sheƙi, gama jiƙaƙƙen fenti santsi gare shi. In aka bar tik haka nan, rana takan mai da shi ruwan toka, ƙafa kuma tana kama shi da kyau.

Ɗaurawa

A nan ne darasin kimiyya yake shigowa. Ana tallafe dandamali da ƙarafa masu kusurwa uku, irin waɗanda suke riƙe kanta a bango. A ce mutum mai nauyin kilo 70 ya tsaya a bakin dandamali, santimita 60 daga jikin jirgi, a daidai kan ƙarfe guda. A ce kuma tsakanin ƙusar sama da ta ƙasa santimita 30 ne. To, ƙarfin da yake fizgar ƙusar sama daidai yake da nauyin kilo 140, wato ninki biyu na nauyin mutumin. In tsalle ya yi, abin ya fi haka nesa.

Shi ya sa ba a dogara da ƙusar da aka murɗa cikin jikin jirgi kawai. Ana huda bangon har ciki, a zura ƙusa mai noti, a sa faffaɗan ƙarfe ta ciki kafin a ɗaure notin, domin nauyin ya bazu. Ƙusoshi da ƙarafan duka su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai lamba 316, ko kuwa na tagulla. Kada a gauraya iri biyu, domin a cikin ruwa, musamman na gishiri, ɗayan yakan cinye ɗayan.

Kowane huji ƙofa ce ga ruwa. Yawancin jiragen faiba suna da katako a tsakiyar bangon baya, in ruwa ya kai gare shi zai ruɓe a ɓoye. Dabarar ita ce a yi hujin ya ɗan fi ƙusar girma, a cika shi da ifoksi, in ya bushe a sake hudawa daidai girman ƙusar, sa'an nan a shafa maganin toshe yoyo a ɗaure. Daga ƙarshe a sa tsani wanda matakansa biyu ko uku za su nutse cikin ruwa, wanda kuma mai iyo zai iya saukar da shi da kansa.

Haɗarin da ba a gani

Dandamali yana maƙwabtaka da farfela da kuma bakin salansa. Farfela kowa ya san ta. Hayaƙin inji kuwa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, kuma takan taru a ƙarƙashin dandamali. A watan Agusta na 2000, a Tafkin Powell na Amurka, wa da ƙane, masu shekara 11 da 8, suka rasu bayan sun yi iyo a bayan jirgi inda hayaƙin janareta yake fita. A 2004 jihar Kalifoniya ta kafa dokar da ta hana a tuƙa jirgi ko a bar injinsa yana aiki alhali wani yana riƙe da dandamali.

Saboda haka, ƙa'ida ta farko ga mai jirgi ita ce: a kashe inji da janareta kafin kowa ya sauka ruwa, kada kuma a tayar sai an ƙirga kowa ya hau. Ta biyu, kowace shekara a duba notuna, a taka bakin dandamali da ƙarfi a ga ko yana motsi, a leƙa ciki a ga ko akwai laima kewaye da ƙusoshi. Noti guda da ya saki ana ɗaure shi cikin minti biyar a bakin gaɓa, amma a tsakiyar ruwa ba ya gyaruwa.