Dalilin da ya sa ake jera lambobin katin banki huɗu-huɗu

Duk wanda ya duba katin cirar kuɗinsa zai ga an jera lambobin rukuni-rukuni, galibi huɗu-huɗu. Ba ado ba ne. Dabara ce da ta dace da abin da masana halayyar ɗan Adam suka gano game da iyakar ƙwaƙwalwa.

A shekarar 1956, masanin nan ɗan Amurka George Miller ya nuna cewa abubuwa kusan bakwai ne mutum ke iya riƙewa a ka a lokaci guda. A 2001 kuma Nelson Cowan ya ce adadin ya fi kusa da huɗu. Ga shi kuwa lambar asusun banki a Najeriya guda 10 ce, ta BVN da ta NIN kowacce 11. Idan aka kasa doguwar lamba gida-gida, ƙwaƙwalwa na ɗaukar kowane gida a matsayin abu ɗaya, sai kuskure ya ragu.

Ƙa'ida ta biyu ita ce, gane abu ya fi tuno shi sauƙi. Jakob Nielsen ya sanya ta cikin ƙa'idoji goma na tsara manhaja da ya fitar a 1994. Shi ya sa manhajar banki ke nuna sunan mai asusu kafin a tura kuɗi: ido na iya tsallake lamba ɗaya da aka musanya, amma da wuya ya tsallake baƙon suna.

Ta uku ta fito ne daga binciken William Hick ɗan Birtaniya a 1952, wanda ya nuna cewa yawan zaɓi na ƙara lokacin yanke shawara. Wannan na da muhimmanci a tsarin USSD, inda layi ke yankewa idan aka yi jinkiri. Saboda haka masu tsarawa ke taƙaita jerin zaɓi, su sa abin da aka fi nema a sama.

Sai dai duk waɗannan matakai kariya ce kawai, ba sa maye gurbin natsuwa. Ɗan kasuwar da cinkoson masu saye ya sa ya danna amincewa bai karanta sunan ba, ya zubar da kariyar da aka tanadar masa, kuma dawo da kuɗin da suka faɗa asusun wani kan ɗauki lokaci da zirga-zirga.